Ba ni gishiri in ba ka manda: yadda jihar Jojiya ke ɗage wa gundumomin ilimi doka don a biya ta da sakamako

A jihar Jojiya ta Amurka, doka ta ce daga aji 1 zuwa aji 3 na firamare kada aji ya wuce yara 21. A ɗauki makarantar da ta wayi gari ranar komawa hutu da yara 88 'yan aji ɗaya. Azuzuwa huɗu za su kwashe 84, a bar huɗu a tsaye. Saboda waɗannan huɗun dole shugaban makaranta ya buɗe aji na biyar, ya nemo ɗaki, ya nemo malama, gunduma kuma ta ɗauki nauyin albashinta na shekara da inshorar lafiyarta da kuɗin fanshonta. In kuwa gundumar tana da abin da ake kira matsayin yarjejeniya, sai a zuba yara 22 a kowane aji, magana ta ƙare. Kuɗin malama ta biyar a ɗauki mai koyar da karatu da su, ko a toshe wani giɓi a kasafi, ba tare da an nemi izinin kowa a ma'aikatar ilimi da ke Atlanta, babban birnin jihar, ba.

Abin da jiha ke nema a madadin wannan sassauci shi ne sa hannu a kan kwantiragi: za ku ɗaga sakamakon ɗalibai zuwa mataki kaza a cikin shekara kaza, za ku kuma sauke wani ɓangare na ikonku zuwa hannun iyaye da malamai a kowace makaranta. In kun gaza, a karɓe sassaucin. Turawa suna kiran takardar "cata", kalmar da ta ba mu "shata" ta tashar mota, kuma kamannin bai yi nisa ba: wanda ya ɗauki shatar mota shi ke zaɓar hanya da lokacin tashi, amma akwai inda aka yi alkawarin za a isa.

Sai an fahimci mece ce gundumar ilimi a Amurka kafin a gane nauyin cinikin. Mai karatu a Nijeriya zai iya tuna hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, amma ta Amurka ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Jama'a ne ke zaɓar 'yan hukumarta ta hanyar ƙuri'a, ita ke ɗaukar babban jami'in ilimi ta kuma sallame shi, ita ke ɗaukar malamai, kuma tana samun kaso mai tsoka na kuɗinta daga harajin gidaje da filaye na yankinta. Jojiya tana da irin waɗannan gundumomi 180. Sauran kuɗin daga jiha suke zuwa, bisa wani lissafi da aka kafa da dokar 1985, kuma kuɗin jiha ba sa zuwa su kaɗai. Suna tafe da Babi na 20 na kundin dokokin jihar da tarin ƙa'idojin Hukumar Ilimi ta Jiha, waɗanda suka tsara yawan yara a aji, kwanakin karatu 180 a shekara, wanda ya cancanci riƙe alli, da abin da za a biya shi.

Da yawa sun san makarantun yarjejeniya, wato makarantu guda-guda da wata ƙungiya ke gudanarwa da kuɗin gwamnati a wajen ikon gunduma. Jihar Minesota ce ta fara yin dokarsu a 1991, ta farko kuma ta buɗe a birnin St. Paul a 1992. Abin da aka manta shi ne Ray Budde, malamin jami'ar da ya fara kawo tunanin tun shekarun 1970, kan gyara gunduma daga ciki ya gina shi. Jojiya ta koma wa wannan tushe a 2007, lokacin da mataimakin gwamna Casey Cagle ya tura dokar da ta ba gunduma sukutum damar shiga yarjejeniya. A nan ba wata ƙungiya daga waje da ke karɓar makarantu. Hukumar da aka zaɓa tana nan, malamai na nan a matsayin ma'aikatanta, yara na zuwa makarantar unguwarsu kyauta kamar kullum. Gundumomi huɗu ne suka fara a 2008: biranen Decatur da Marietta da Gainesville, sai gundumar Warren ta karkara. Gundumar Fulton, mai ɗalibai kimanin 90,000, ta shiga a 2012, birnin Atlanta ya biyo baya a 2016.

A 2008 majalisa ta ƙara buɗe ƙofa ta biyu, wadda daga baya aka sa wa suna tsarin zaɓaɓɓun yafiya. A wannan, gunduma na lissafo dokokin da take so a ɗage mata ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta, kuma ba a tilasta mata raba iko da makarantu. Gwinnett, wadda ta fi kowace gunduma yawan ɗalibai a jihar, da maƙwabciyarta Forsyth, su suka fara bin ta a 2009. Sannan aka gindaya wa'adi: zuwa 30 ga Yunin 2015, kowace gunduma ta sanar da jiha ko ta zaɓi yarjejeniya, ko zaɓaɓɓun yafiya, ko ta zauna yadda take ta bi Babi na 20 daga farko har ƙarshe.

Sakamakon wa'adin ya isa ya sa mai lura ya ɗan dakata. Gundumomi biyu kacal suka zaɓi zama yadda suke. Kimanin 130 suna tsarin zaɓaɓɓun yafiya, kusan 50 kuma na yarjejeniya. Mutum zai ɗauka ƙishirwar sabbin dabarun koyarwa ce ta kama jihar gaba ɗaya, amma aljihu ne ya yi magana. Daga 2003 majalisa ta riƙa rage wa makarantu abin da lissafin 1985 ya ce a ba su, da karayar tattalin arzikin 2008 ta zo ragin ya haura dala biliyan ɗaya a wasu shekarun. Don kada gundumomi su durƙushe, Hukumar Ilimi ta Jiha ta yi shekaru tana yafe wa kowa dokar yawan yara a aji, gundumomi da dama ma har kwanakin karatu suka rage. Daga tsakiyar 2015 wannan yafiya ta bai-ɗaya ta ƙare. Duk wadda ta ƙi sa hannu a kwantiragi, dole ta koma yara 21 a aji, ta nemo ƙarin malamai da kuɗin da babu su. Mafi yawa sun sa hannu ne don su riƙe abin da ke hannunsu, kuma wannan asali yana bin tsarin har yau.

Hanyar samun matsayin

Aikin yakan ci shekara guda ko fiye. Gunduma na fara aika wa ma'aikatar ilimi takardar bayyana niyya. Doka ta wajabta a yi aƙalla zama biyu na jin ra'ayin jama'a, sannan hukumar gunduma ta kaɗa ƙuri'ar amincewa. Daga nan a rubuta takardar neman izini, wadda zuciyarta tambayoyi uku ne masu jan juna: mene ne ciwon da ke damun ɗalibanku, wane magani kuke son gwadawa, wace doka ce ta tare muku hanya. Takardar da ta ce kawai "muna son sassauci" ba tare da ta ɗaure kowace yafiya da wata matsala ta zahiri ba, ita ake yawan mayarwa a sake. Ma'aikata na tantancewa, wani kwamitin ba da shawara kan yarjejeniyoyi ya duba, a gayyaci shugabannin gunduma su kare abin da suka rubuta, a ƙarshe Hukumar Ilimi ta Jiha ta yanke hukunci. Lokacin da aka fara tsarin, wa'adin farko shekara biyar ne.

Da an sa hannu, yafiyar tana zuwa a dunƙule. Gundumar yarjejeniya ba ta lissafo dokoki ɗaya-ɗaya. Kusan duk Babi na 20 ake ɗage mata in ban da abin da doka ta ce ba a taɓawa. Wannan jeri na abin da ba a taɓawa ya kamata kowa ya riƙe shi. Dokokin tarayya ba su cikin ciniki ko kaɗan: haƙƙin yara masu buƙata ta musamman, haramcin wariya, ƙa'idojin kashe kuɗin tallafin yaran talakawa. Haka dokokin lafiya da tsaro, binciken tarihin laifi na duk wanda zai yi aiki da yara, jarrabawar jiha, tsarin auna ƙwazon malamai, dokar yin taro a bainar jama'a da buɗe takardu ga mai nema, da haramcin karɓar kuɗin makaranta. Jerin kuma yana motsi. A 2021 majalisa ta mayar da shirin tallafa wa 'yan firamare masu rauni a karatu cikin abin da ba a yafewa, ta yadda kuɗin da aka ware wa waɗannan yara dole a kashe su bisa ƙa'idar shirin.

Dokoki huɗu ne ake kira manya, domin a cikinsu kuɗi yake. Ta farko ita ce ta yawan yara a aji: 18 a rabin aji, ko 20 in akwai mataimakiya, 21 daga aji 1 zuwa 3, sai 28 daga aji 4 zuwa 8. Akwai wani lissafi a nan da ba kowa ke lura da shi ba. A ƙananan azuzuwan firamare jiha na biyan kuɗin malami ɗaya ga kowane yara 17. Yafiya ba ta rage wannan kuɗi. Saboda haka gundumar da ta zuba yara 25 a aji tana karɓar kuɗin kusan malami ɗaya da rabi, tana biyan ɗaya, rarar tana hannunta. Tana iya sa rarar inda za ta amfani yaran, tana iya biyan kuɗin wuta da man motocin ɗalibai da ita. Kwantiragin bai bambanta waɗannan biyun ba, sakamakon jarrabawa kawai yake jira.

Ta biyu ita ce ta yadda ake kashe kuɗi, ciki har da dokar 2006 da ta ce kashi 65 cikin 100 na kasafin gudanarwa dole ya tafi ga koyarwa cikin aji kai tsaye. Dokar tana da daɗin ji, amma lissafinta bai sa mai kula da laburare da mai ba ɗalibai shawara da nas ɗin makaranta da direban bas cikin "aji" ba. Gundumar karkara mai faɗin ƙasa, inda motoci ke cin dogon zango kullum safe da yamma, tana shan wahalar cika ta ko da babu almubazzaranci ko na sisi.

Ta uku, lasisin koyarwa, ita ce ta fi raba kawunan mutane. Amfaninta a bayyane yake a makarantun koyon sana'a: mai walda da ya yi shekara ashirin a masana'anta, ko ma'aikaciyar jinya da ta san ɗakin tiyata, ba za su bar aikinsu su koma kwalejin horar da malamai don su koyar da awa biyu a rana ba. Yafiya ta ba gunduma damar ɗaukarsu bisa ƙwarewarsu, bayan an tantance tarihinsu. Matsalar tana farawa ne idan ƙarancin malamai ya matsa, aka fara amfani da ƙofar da aka buɗe wa mai walda wajen cike gurbin malamin lissafi na aji 7 da duk wanda ke da digiri. Kuma irin waɗannan gurabe a makarantun unguwannin talakawa suka fi yawa, domin can ne ƙwararru ke gudu. Malaman yara masu buƙata ta musamman ba su cikin wannan rangwame, dokar tarayya ta tsare musu nasu lasisin.

Ta huɗu ita ce jadawalin albashi na jiha, wanda ke biyan malami bisa matakin digirinsa da yawan shekarun aikinsa. In aka ɗage shi, gunduma na iya ƙara wa malamin kimiyya ko wanda ya yarda ya tafi makaranta mai wuyar sha'ani. A aikace, taɓa albashi wuta ce, shi ya sa gundumomi da yawa suka karɓi wannan yafiya suka ajiye ta a aljihu, suna ci gaba da bin jadawalin.

Akwai ta biyar da ba a sa ta cikin manya ba, amma a wurin malamai ta fi su duka zafi. Dokar sallama bisa adalci ta ba malamin da ya karɓi kwantiraginsa na huɗu a jere haƙƙin a gaya masa dalili a rubuce, a kuma saurare shi, kafin a raba shi da aikinsa. A Jojiya malaman gwamnati ba su da ikon zama teburin ciniki da gunduma a ƙungiyance kamar yadda ake yi a wasu jihohin arewacin Amurka. Ke nan wannan doka ita ce garkuwarsu, babu wata a bayanta. Yafiyar dunƙule tana iya haɗawa da ita, kuma wasu malaman ba su san an ɗage ta ba sai ranar da aka ƙi sabunta musu kwantiragi ba tare da bayani ba. Ƙungiyar malaman jihar ta kai ƙara kan irin haka a gundumar Fannin, shari'ar ta ci shekaru har ta isa Kotun Ƙolin jihar. Gundumar da ke son zaman lafiya da malamanta takan rubuta a ƙa'idojinta na cikin gida cewa za ta ci gaba da bin matakan saurare, ko da doka ta sake mata mara.

Maganar ƙarin kuɗi gajera ce. Gundumar yarjejeniya na samun ƙarin kashi 3.785 cikin 100 na kuɗin tushe da jiha ke lissafa wa kowane ɗalibi, abin da ya kama kusan dala 100 a kan kowane yaro, amma jimla ba ta wuce dala miliyan 4.5 a shekara. Ƙaramar gunduma mai yara 3,000 za ta samu kimanin dala 300,000. Fulton kuwa rufin ya tare ta, rabon kowane yaro ya sauko kusan dala 50. Tsarin zaɓaɓɓun yafiya ba ya zuwa da wannan ƙari.

Kwamitin makaranta

Abin da ya raba gundumar yarjejeniya da 'yar'uwarta ta zaɓaɓɓun yafiya shi ne sharaɗin sauke iko, kuma a nan ne ake gane ko sauyin na gaske ne. Dole kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa mai ta-cewa a fannoni shida da doka ta ambata: ma'aikata, kuɗi, manhaja da koyarwa, rabon kayan aiki, tsara burin gyaran makaranta da bibiyarsa, da tafiyar da harkokin yau da kullum. Masu sanin kwamitocin kula da makaranta da ake kira SBMC a Nijeriya ko COGES a Nijar za su ga kama a siffa. Bambancin shi ne a nan an rubuta ikon kwamitin cikin kwantiragi da jiha, kuma rashin ba shi ikon na iya zama dalilin ƙin sabunta yarjejeniya.

A Atlanta kwamitin na da masu ƙuri'a tara: iyaye uku da iyaye suka zaɓa, malamai uku da malamai suka zaɓa, mutum biyu daga cikin al'umma, da kujera ɗaya da kwamitin ke cikewa da wanda ya ga dama. Shugaban makaranta na zama amma ba ya kaɗa ƙuri'a. Su ke amincewa da tsarin makaranta na dogon zango, su ke kuma amincewa da kasafin da shugaban ya gabatar. A Fulton an tsara wata hanya da kwamiti zai bi in yana son kauce wa wata ƙa'ida: ya rubuta buƙata, ya bayyana matsalar da hujjarta, ya baje ta ga iyaye da malamai su yi tsokaci, ya kaɗa ƙuri'a, sannan ya aika wa gunduma. Fulton ba ta kafa kwamitocin duka a shekara ɗaya ba, ta raba makarantunta rukuni-rukuni cikin shekara uku don a samu horar da su.

Amma doka ta bar wa kowace gunduma ta fayyace zurfin "ta-cewa" da kanta, kuma tsakanin "kwamiti zai ba da shawara" da "kwamiti zai amince" akwai tafiyar kwana da kwanaki. A yi tunanin zaman kasafi a watan Fabrairu. Shugabar makaranta ta haska jadawali a bango. Kusan duk kuɗin albashin ma'aikatan da ke nan ne, ba mai taɓa su. Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin riƙe malamar zane ko ɗaukar mai taimaka wa yara a lissafi. Uku daga cikin masu ƙuri'a malamai ne da wannan shugabar ke rubuta wa rahoton ƙwazo a ƙarshen shekara. Uwa ɗaya ta taso daga aiki, an miƙa mata takardun minti goma kafin a fara, cike da gajerun kalmomin ofis da ba ta taɓa ji ba. Aka tambaya ko akwai mai magana, shiru. Aka ɗaga hannu, tara ba hamayya. A takarda an raba iko. A ɗakin kuwa 'yan amshin shata ne, kuma ba don mugun nufin kowa ba.

Maganin wannan sananne ne, sai dai yana cin lokaci da kuɗi: a raba takardun kasafi mako guda kafin zama, a yi zama biyu, ɗaya na tambayoyi ɗaya na ƙuri'a, a horar da sababbin mambobi kan karanta kasafi da sakamakon jarrabawa, a kuma jeranta wa'adinsu yadda ba za su sauka gaba ɗaya a shekara guda ba. Zaɓen shugaban makaranta shi ne babban gwaji. Bisa doka hukumar gunduma ce ke ɗaukar ma'aikaci da shawarar babban jami'inta, don haka iyakar kwamiti ya zauna a tantancewa ya miƙa sunaye. Inda ake girmama sunayen da ya miƙa, iyaye kan ɗauki kwamitin da muhimmanci. Inda aka yi watsi da su sau ɗaya ba bayani, zaɓe na gaba da ƙyar ake samun 'yan takara. Wata ɓarakar kuma ita ce ta unguwa da unguwa: makarantar masu hali na samun lauya da akanta a kujerun iyaye, ta talakawa kuwa kujerar kan zauna fanko wata da watanni.

Ɓangaren bahasi

Sassauci ana miƙa shi ranar farko, cif-cif. Bahasi kuwa bashi ne da ake bi bayan shekaru, kuma mudun da za a auna shi bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Tun 2012 jihar ke amfani da wani ma'auni mai maki 100 da ake kira CCRPI, wanda ke haɗa sakamakon jarrabawa, ci gaban kowane ɗalibi daga bara zuwa bana, rage tazara tsakanin rukunonin ɗalibai, da yawan masu kammala sakandare. Kwantiragin zaɓaɓɓun yafiya ya nemi kowace makaranta ta riƙa cike kashi 3 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin makinta na farko da 100 a kowace shekara. Makaranta mai maki 60 tazararta 40 ce, ke nan ana neman ƙarin maki 1.2 a shekara. Mai 90 kuwa 0.3 kawai. A ƙaramar makarantar karkara, zuwan iyali biyu ko tashinsu ya isa ya motsa maki fiye da haka, sama ko ƙasa. An kuma ƙara wata hanyar tsira: in lissafi ya nuna makaranta ta fi takwarorinta masu irin ɗalibanta, ta fuskar talauci da harshe da sauransu, to ana ɗauka ta cika sharaɗi. Wannan adalci ne ga makarantun talakawa, amma yana nufin makaranta na iya wucewa alhali yawancin yaranta ba su iya karatu yadda ya kamata ba.

Sai mudun ya fara sauyawa. A shekarar karatu ta 2014 zuwa 2015 aka canza jarrabawar jiha gaba ɗaya. A 2018 aka sake fasalin lissafin CCRPI don ya dace da sabuwar dokar tarayya ta 2015. A 2020 annobar korona ta sa aka soke jarrabawa, bayanta kuma jihar ta dakatar da fitar da maki ɗaya dunƙulalle ga kowace makaranta na wani lokaci. Kwantiragin shekara biyar da aka sa wa hannu a 2015 ya ga an canza ma'auni a tsakiyarsa, an kuma rasa shekararsa ta ƙarshe. Ba wanda zai iya hukunta gunduma da gaskiya a kan alƙaluman da ba sa kwatantuwa, kuma gundumomin sun san haka.

Ko da ma'aunin ya tsaya, hukuncin kansa na da wuyar zartarwa. Ga gundumar yarjejeniya, hukunci shi ne a soke takardar ko a ƙi sabunta ta, ta koma ƙarƙashin Babi na 20. Amma mayar da gundumar da ke fama ga dokar yara 21 a aji da cikakken lasisi, a lokacin da ba ta da kuɗi kuma ba malamai a kasuwa, yaran zai fi cutarwa kafin manya. Ga tsarin zaɓaɓɓun yafiya, dokar farko ta yi barazanar ƙwace makarantar da ta gaza a miƙa ta ga wasu. Sai dai tsarin mulkin Jojiya ya ɗora ragamar makarantu a hannun hukumomin gunduma, kuma a Nuwamban 2016 da gwamna Nathan Deal ya nemi a gyara shi don jiha ta riƙa karɓe makarantun da suka daɗe suna faɗuwa, kusan kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ce a'a. Dokar da ta biyo baya a 2017 ta kafa ofishin jami'in farfaɗo da makarantu, wanda aikinsa ya fi karkata ga haɗa kai da gunduma. Barazanar ta zama kyanwar Lami.

Kada kuma a ɗauka tsananta bahasi ba shi da nasa haɗarin. Atlanta ta ɗanɗana. Binciken da jiha ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a gyara amsoshin ɗalibai a jarrabawar 2009, a 2015 kuma kotu ta samu 11 da laifi. Wannan ya faru kafin birnin ya shiga yarjejeniya, amma darasin ya shafi duk tsarin da ya rataya aikin mutum da albashinsa a kan lamba ɗaya. Masu tsara kwantiragi a Jojiya suna tafiya ne tsakanin ramuka biyu, kuma a bayyane yake wanne suka fi tsoro.

Jihar Teksas ta bi hanya mafi sauƙi da dokarta ta 2015. Can gunduma mai sakamako karɓaɓɓe ba ta buƙatar amincewar jiha. Ta rubuta tsarin shekara biyar, kashi biyu cikin uku na 'yan hukumarta su amince, ta sanar da kwamishinan ilimi. Ɗaruruwan gundumomi sun shiga, kuma cikin abin da suka fi rige-rigen ɗagewa akwai dokar da ta hana buɗe makaranta kafin Litinin ta huɗu a watan Agusta, sai lasisin koyarwa da iyakar yara 22 a ƙananan azuzuwa. Da aka ce wa shugabanni ga wuƙa ga nama, kalanda suka fara yanka, domin zangon farko ya ƙare kafin hutun Disamba.

Gundumomi biyun da suka ƙi sa hannu a Jojiya kuwa ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ɗaya birnin Buford ne a arewa maso gabashin Atlanta, mai ƙarfin haraji da makarantun da iyaye ke tururuwar nema, wanda ke da halin biyan malama ta biyar ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ɗayar gundumar Webster ce a kudu maso yammacin jihar, inda mutanen yankin gaba ɗaya ba su kai 3,000 ba, ɗalibanta kuma 'yan ɗaruruwa ne, ta yadda iyakar yara 21 a aji ba ta cika zama abin damuwa ba.